Kwana Biyu a Dajin Pendjari

  

Da aka ce mu 'yan ajin ƙarshe mu rubuta abin da ba za mu manta ba a zamanmu na madarasa, ba mu yi wata doguwar gardama ba. Kowa ya ce Pendjari. A watan Fabrairun 2019 aka kai mu, lokacin yawancinmu muna da shekara 11. Tun daga kanmu ba a sake kai wani aji ba, shi ya sa muke ganin bashi ne a kanmu mu ba ƙannenmu labari.

Mun tashi daga Zongo a Parakou bayan sallar asuba, da tabarminmu da butocinmu da garin rogo a leda. A Djougou, bayan kilomita kusan 135, muka ɗauki 'yan'uwanmu na wata madarasa da muka haɗa tafiyar da su. Malam ya ce wannan hanyar ce kakanninmu fatake suke bi da jakuna, daga Kano su ratsa Nikki da Parakou da Djougou har Salaga ta ƙasar Gwanja, su sayo goro. A Natitingou muka fara yin ƙasaru a rayuwarmu. Mun daɗe muna karanta cewa matafiyi yana mai da raka'a huɗu biyu, amma ranar da liman ya yi sallama a ta biyu sai da wasunmu suka miƙe za su ciko. Daga Tanguieta muka bar kwalta, muka bi jar ƙasa ta gindin duwatsun Atakora har ƙofar Batia, inda ake shiga gandun dajin.

Wani Alhaji, mahaifin ɗayanmu, shi ya biya kuɗin masauki, Allah Ya saka masa da alheri. Masaukin yana can tsakiyar daji, babu katanga, babu maƙwabci sai itatuwa. Mu shida-shida aka zuba a ɗakin da aka yi don mutum biyu. Sauran baƙin kusan duk Turawa ne, da manyan kyamarori a wuya. Wani ma'aikaci mai jin Hausa ya ce mana bai taɓa shimfiɗa wa almajirai gado ba sai ranar. Gaskiya mu ma da haka muka zo. A zatonmu dajin na Turawa ne, namu kawai mu ga motocinsu suna wucewa.

Dokar farko da aka ba mu ita ce kada kowa ya fita bayan duhu, ko da fitsari ya matsa shi. Mun ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya. Can cikin dare, bayan an kashe injin wuta, sai muka ji wani gurnani daga nesa, wanda kamar a ƙirji ake jin sa. Wallahi babu wanda ya ce uffan. Wani da yake cika baki a mota cewa shi ba ya tsoron komai, shi muka ji yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Da asuba ladaninmu ya kira salla ƙasa-ƙasa, wai don kada ya tashi baƙi. Mu dai mun san ba baƙi yake gudu ba.

Da gari ya waye ɗan jagora ya kai mu Tabkin Bali. A lokacin damina kogin Pendjari, wanda ya raba mu da Burkina Faso, yana cika ya malala cikin fadama. Idan rani ya yi ruwan ya janye, sai ya bar tabkuna nan da can, kuma a nan duk namun daji suke taruwa. Muka hau wani dandamali da aka yi don kallo, aka ce mu yi shiru. Gwaggon biri suka fara zuwa da 'ya'yansu a baya. Sai mariya da gwanki, suna sha suna ɗaga kai. Gyado ya durƙusa a taɓo. Dorina kuwa kunnuwa da hanci kawai ake gani. Can da rana ta ɗaga giwaye suka iso a jere, kowa ya matsa musu. Mun haddace Suratul Fil tun muna ƙanana, amma sai a ranar muka gane abin da mutanen Makka suka gani yana tunkaro su.

A nan ne gardamar fiƙihu ta tashi. Ruwan tabkin ya yi kore, ga taɓo, ga wari. Wani ɗan Djougou ya tambaya ko alwala ta halatta da shi. Muka rabu biyu. Malam ya tuna mana abin da muka karanta a Risala, cewa ruwan da ƙasar wurinsa ce ta canza shi, kamar taɓo, bai fita daga tsarki ba. Ɗan jagora yana ta sauraro. Sai ya ce, "Malam, a gafarta mini, ko da littafi ya yarda, mai ruwan bai yarda ba." Ya nuna wani kututture a bakin tabkin. Muna cikin kallo kututturen ya buɗe baki. Ashe kada ne.

Muna ta dariya, amma ɗayanmu, wanda iyayensa makiyaya ne, bai yi ba. Ya ce, "Malam, wannan ruwan zai shayar da shanun babanmu har damina. Yanzu haka suna can suna tonon yashi a rafi, kuma in sun shigo nan sai tara." Ɗan jagora ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya san wannan zafin, amma in aka bar garke-garke suka shigo, nan da 'yan shekaru ba sauran zaki ko giwa. Ya ce mafi yawan zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma suna cikin wannan daji ne da maƙwabtansa, Arly da W. Malam bai tsawata wa kowa ba. Ya ba mu labarin mutumin nan da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Ya ce saniya tana da hakki, giwa tana da hakki, makiyayi ma yana da nasa, kuma duk amana ce a wuyan mutanen ƙasa. Ya ce in ba a zauna an raba da adalci ba, wata rana wani zai zo ya ci riba da ɓacin ran mutane. A lokacin ba mu gane ba.

Ba a yi wata uku ba muka gane. Ranar 1 ga Mayun 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a cikin dajin, suka kashe ɗan jagoransu, Fiacre Gbédji, ɗan ƙasarmu. A farkon Disambar 2021 aka kai hari a yankin Porga, aka kashe sojoji. A Fabrairun 2022 kuma aka kashe masu gadin daji a gandun W. Dajin da aka mai da gandun ƙasa tun 1961, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2017, ya zama wurin da iyaye ba sa son jin sunansa. Direbobi da masu dafa abinci da 'yan jagora na Tanguieta da Natitingou da yawa sun rasa abin yi.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne masu wannan aika-aika suna fakewa da sunan addininmu. Mun yi shekaru a gaban malamai, daga Ahalari har Risala, ba mu ga babin da ya halatta jinin mai neman abincin iyalinsa ba. Mu da muke karatun Arabiyya mu ne ake fara kallo da zargi idan irin wannan ta faru, kuma samari irinmu ne ake nema a yaudara. Don haka muna roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya zo muku da daɗin baki, ko a waya ko a zaure, yana cewa an zalunce ku, ku zo a rama, ku kai maganarsa gaban malamanku da iyayenku kafin ku amsa masa. Muna kuma roƙon hukuma ta saurari makiyaya da manoman gefen daji, ta samar musu da wurin shayarwa.

Kwanakin baya wani yaro ɗan aji biyu ya ga hotonmu a kan dandamalin Tabkin Bali. Ya ce, "Yaya, mu yaushe za a kai mu?" Muka ce masa in Allah Ya yarda. Abokinmu ɗan makiyaya yana son ya karanci likitancin dabbobi, kuma ya yi alkawarin cewa ranar da hanya ta buɗe shi zai biya kuɗin mota. Mun rubuta a nan don a riƙe shi da maganarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu Benin da maƙwabtanta lafiya, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da Aljanna.