Tsuntsu da Jirgin Kwamfuta

A Mubi akwai wani ɗalibi mai burin zama matuƙin jirgin sama. Kullum dare yakan tashi jirgi a wasan kwamfuta, ya sa tsuntsaye su faɗa cikin injin, ya sauka lafiya, ya ce ashe abin ba wuya. Ai kuwa shi ya gayyato tsuntsayen, ya san lokacin zuwansu.

A 2009 garken dinya ya kashe wa Kyaftin Sullenberger injuna biyu, ya sauka cikin kogin Hudson na Amurka, mutum 155 duka suka tsira. Da aka maimaita tafiyar a na'urar koyon tuƙi, wasu matuƙa sun komo filin jirgi. Amma da aka sa jinkirin daƙiƙa 35, gwargwadon abin da mutum kan ɗauka kafin ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba.