Ni Dai Likitar Sa Barci Zan Zama

'Yan uwana mata, tun ranar da na fara karatun likita kowa a gidanmu ya riga ya zaɓa mini fanni. Inna ta ce likitar mata zan zama, don ita har gobe ba ta iya yarda namiji ya duba ta. Kawu ya ce tiyata, wai nan suna da kuɗi suke. Shi kuwa wanda zan aura cewa ya yi in nemi fannin fata ko na ido, inda kiran dare bai da yawa. "Ke dai ki dawo mini gida kafin magariba," haka yake cewa yana murmushi.

A ajinmu ma haka abin yake. Maza suna rububin tiyata, mu mata muna karkata ga fannin yara da na haihuwa, wasu kuma lissafinsu wane fanni ne zai kai su Ingila ko Saudiyya. A shekara 6 da muka yi ban ji wanda ya ce yana sha'awar fannin sa barci ba. Dalili kuwa, majinyaci bai san ka ba, ballantana ya gode maka.

Bayan kammalawa sai horon asibiti na wata 12, wata uku-uku a sassa 4. Ina sashen haihuwa aka kawo wata yarinya daga ƙauye cikin dare, kwananta biyu tana naƙuda, kan ɗan ya ƙi saukowa. Likitan da zai yi mata aiki ya shirya tsaf, amma mai sa barci mutum ɗaya ne a daren, yana can kan wani da ya yi haɗarin mota. Ina riƙe da hannunta, ina sauraren bugun zuciyar ɗan yana raguwa. Wallahi ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo haka ba. Da ya iso, allura ɗaya ya yi mata a gadon baya, rabin jikinta ya mutu, ya zauna a kanta yana lura da numfashinta da bugun jininta har aka gama. Uwar ta rayu. Ɗan kam bai zo da rai ba.

Da masoyin nawa ya zo zance na faɗa masa shawarar da na yanke: bayan bautar ƙasa zan shiga horon sa barci, wajen shekara 5 ko 6, da jarrabawa hawa uku. Ya yi shiru, can ya ce, "To kiran daren fa?" Na ce yana nan, har ma ya fi yawa. Ko lemon da na kawo masa bai ƙarasa ba ya yi sallama. Yau kwana tara ke nan bai leƙo ba.

Jiya Inna ta same ni ina karatun jarrabawar farko, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Yanzu ke duk wahalar nan da kika sha, don ki riƙa sa mutane barci ne?" Na ce, "Da tashe su, Inna."