Wa Ya Goge Ni Daga Ɗakin Inna?

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuto ko in bari, don abin da kunya. To amma wataƙila wata ta karanta ta tsira da zumuncinta, wanda ni saura ƙiris in yanke nawa.

Innarmu ta rasu a damunar 1998 a gidanmu na cikin birnin Kano, lokacin ina aure a Kaduna da tsohon ciki. Ba da son ranta na auri maigidana ba. Ɗan ƙanenta ta so ta haɗa mu, ni kuma na kafe, na yi ta kuka har Baba ya goya min baya. To abin da ya riƙe zuciyata duk shekarun nan shi ne daren rasuwarta. In na rufe ido ina ganinsa tar: an ɗauke wuta, fitilar ƙwai a gefen gado, ruwa yana dukan kwano, ta kama hannuna da nata mai sanyi ta ce ta yafe min duniya da lahira. Ban taɓa ba kowa labarin ba, don da na fara kuka yake cin ƙarfina.

Sai a bikin 'yar Yaya a 2022, muna zaune da dare ana hirar mutanen da, na saki baki na faɗa. Ɗakin ya yi tsit. Yaya ta dube ni ta ce, "Ke kuwa yaushe? Ai ko gawarta ba ki tarar ba." Gabana ya yanke ya faɗi. Da muka koma gida na tare maigida, shi ma ya ce, "Gaskiyar Yaya ce. Ni na hana ki tafiya saboda cikin, sai washegari muka zo, an riga an kai ta."

Wallahi ranar ban runtsa ba. Na ce haɗa baki suka yi. Yaya tana so a ce ita kaɗai ta samu albarkar Inna, shi kuma maigida ya bi bayanta. Ko kaɗan ban tsaya na lura cewa maganar da ya faɗa kansa ta shafa wa baƙin jini ba.

Ana cikin haka autana ya ga na rame, ya zo da wayarsa ya ce, "Umma, ba ke kaɗai ba ce." Ya nuna min mutane a intanet masu rantsuwa cewa sun tuna Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya mutu a kurkuku tun shekarun 1980, alhali an sake shi ranar 11 ga Fabrairu 1990 bayan shekara 27 a ɗaure, ya zama shugaban ƙasa a 1994, bai rasu ba sai 5 ga Disamba 2013 yana da shekara 95. Wata mata mai suna Fiona Broome ce ta laƙaba wa abin sunan Mandela. Wasu suka ce ai wasu ne suka koma baya cikin zamani suka taɓa abubuwa, tarihi ya canza, sai 'yan tsiraru suka rage da tunanin na asali. Wasu suka ɗora laifin kan wata na'ura ta cibiyar CERN, da ke cikin rami mai zagayen kilomita 27 a kan iyakar Suwizalan da Faransa, wadda aka kunna a 2008.

Kai jama'a! Tsigar jikina ta tashi, don ni ma sai na ji kamar na taɓa jin mutuwar Mandela a rediyon Baba ina 'yar firamare. Nan take na kama maganar hannu bibbiyu. Ashe ba ƙarya Yaya take ba, goge ni aka yi daga ɗakin Inna, aka canza musu tunani! Na koma kwana kallon bidiyo, tuwo yana ƙonewa a kan wuta. Na sayi littafi ina rubuta duk abin da na ga ya sauya, har launin ƙofar gidanmu. Wata uku ban gaida Yaya ba. Maigida ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya fara zancen a nemo min mai ruƙiyya.

Babbar 'yata, wadda cikinta nake ɗauke da shi a wancan lokaci, ta karanci halayyar ɗan Adam a jami'a. Ita ta zaunar da ni ta ce, "Umma, ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce. Duk sanda kika tuno abu sake ɗinka shi take yi, in ƙyalle bai kai ba ta ciko da wani." Ta ba ni labarin wata malama a Amurka, Elizabeth Loftus, da ta gwada mutum 24 a 1995. Aka ba kowa labarai huɗu na yarintarsa, uku na gaskiya daga bakin danginsa, ɗaya ƙagagge, wai ya taɓa ɓata a babban kanti yana ɗan shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna ɓatan. Game da Mandela kuwa ta ce mai yiwuwa mutane suna cakuɗa shi da Steve Biko, ɗan gwagwarmayar ƙasar da ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977. Na ce mata, "Wannan na Turawa ne. Ni hannun uwata na riƙe."

Hausawa suka ce gani ya kori ji, ni kuwa ji ne ya kori ganina. Yayanmu namiji da ya daɗe a Jidda ya dawo gida da kayansa, ciki har da kaset-kaset ɗin da muke aika masa a da maimakon wasiƙa. Da ƙyar aka samo rikoda wajen wani mai gyaran rediyo. Aka saka na rasuwar Inna, sai ga muryar Yaya tana ba shi labari: an ɗauke wuta, fitilar ƙwai, ruwan sama, Inna ta kama hannunta. Can sai ga wata murya ta katse ta da kuka tana cewa, "Yaya sake faɗa min, ni ban samu ganinta ba." Muryata ce, ba ko tantama.

Jikina ya mutu. Yaya ta ce a kwana arba'in ɗin nan kullum sai na sa ta maimaita min labarin kafin in yi barci. Ashe tun daga nan na ɗauki hannunta na mayar nawa. Babu wanda ya koma baya ya canza komai, zuciyata ce ta kasa ɗaukar rashin sallama da Inna, ta gina min ɗakin da zan fake.

Amma kaset bai ƙare ba. Yaya ta ci gaba da cewa Inna ta ambaci sunana, ta ce, "Ku gaya wa 'yar Kaduna na yafe mata, Allah ya sauke ta lafiya." Na durƙusa a gaban Yaya ina kuka ina neman gafara. Ta ɗago ni ta ce, "Tashi, saƙonki ne, ajiya aka ba ni." Da dare maigida ya ce shekara 24 yana jin nauyin hana ni tafiyar nan. Ni ma na yafe masa.

Littafin nan nawa na hura wuta da shi. 'Yan'uwa, in tunaninki ya saɓa da na dangi gaba ɗaya, kafin ki ce an haɗa miki baki, nemi takarda ko hoto ko kaset, ki kuma tambayi kanki me ya sa kike so abin ya zama yadda kika tuna. Ɗan Adam ajizi ne, ko da ya rantse. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya bar mu da zumunci, amin.