Sunan fankshin a tebur rubutu ne kawai

Jama'a, saura kwana 9 in gabatar da furojet ɗina na mastas, ina ɗakina a Bolori ƙarfe 2 na dare, babu wuta, cajin laftof ya kusa ƙarewa, aiki ya cije.

Rumbun bayanai nake ginawa a PostgreSQL na lissafin sakamakon ɗalibai. Kowane kwas da yadda ake haɗa makinsa: wani gwaji 30 jarrabawa 70, wani har da firaktikal. Sai na rubuta wa kowane tsari fankshin nasa, na zuba sunayensu a tebur, na yi taga, wato VIEW, mai nuna ɗalibi da kwas da sunan fankshin. A tunanina da na buga SELECT za ta kira shi. Ina! Sunan kawai take dawo min da shi, babu maki.

Ashe SQL sai ya san fankshin da zai kira tun lokacin da yake karanta umarninka, kafin ya taɓa layi ko ɗaya. Kamar ka rubuta sunan mai Keke a takarda ne, ka zauna jiran takardar ta kai ka Monday Market.

Mafita ita ce dillali: fankshin guda a PL/pgSQL, ya karɓi sunan, ya haɗa umarni, ya tura shi da EXECUTE. Tagar sai ta riƙa kiran dillalin a kowane layi. Maki ya fito, na kwanta da murna.

Da safe na nuna wa wata abokiyar karatuna. Ta ga na liƙa sunan cikin umarnin kai tsaye, ta ce, "Malam, wanda ya samu damar rubutu a teburin nan fa?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Maimakon suna zai iya cusa umarni, F ɗin wani ta koma A, ko sakamakon aji guda ya ɓace.

Na gyara da format da %I, wanda ke tilasta a ɗauki rubutun a matsayin suna kawai, lambar ɗalibi na turata ta USING. Na kuma sa dillalin ya ƙi duk sunan da ba ya cikin jerin da na amince da su.

Masu furojet irin nawa, kafin ku kai wa sufabaiza, ku ba wani ya gwada fasa shi. Allah Ya ba mu sa'a.