Jirginsu da Babur Ɗinmu

Duk wanda ke zaune a ƙasar Yauri ba zai manta da ranar Laraba, 26 ga watan Mayu, 2021 ba. A ranar ce wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja, ya nufo Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ya dare a tsakiyar ruwa. Mutanen da ke ciki sun haura 150, har da mata da ƙananan yara masu yawa, ga babura, ga buhuna. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Kwana da kwanaki Sarkawa da sauran gwanayen ninkaya suna tsamo gawa, ana jerawa a gaɓa, ana sallata, ana binnewa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Washegari, mu malaman makaranta, sai muka kafa kotu a ɗakin malamai. Ba wanda ya naɗa mu alƙalai, amma fa mun yanke hukunci. Wani ya ce jahilci ne. Wani ya ce son abin duniya ne, don me mutum zai ga jirgi ya nutse har ruwa na lasar bakinsa, kuma ya ɗaga ƙafa ya shiga? Malamin lissafi ya ɗauki alli ya hau allon sanarwa yana ƙiyasta nauyin mutum 150 da babura, ya nuna mana cewa ko yaron aji ɗaya ya san katako ba zai ɗauka ba. Muka gyaɗa kai. Kalmar da ta fi yawo a bakinmu ran nan ita ce ganganci. Mun tausaya musu, ba shakka, wasunmu har da hawaye, domin akwai ɗalibanmu da suka rasa dangi. Sai dai a ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan daɗi da muke ji wanda ba mu faɗa ba, wato daɗin cewa mu ba irinsu ba ne, mu mun yi boko, mu ba za mu taɓa yin wannan wauta ba.

Aka buga ƙararrawar tashi. Muka fito gindin darbejiya inda baburanmu ke jere. To, a nan ne ya kamata a ce mai ɗaukar hoto ya tsaya. Kowane malami ya tayar da babur, ya ɗora ƙaramin ɗansa a kan tanki, biyu a baya, wani ma har da na huɗu ya maƙale a kan kariya, jakunkunan littattafai na reto a hannun babur. Cikin mu duka babu mai hular kwano. Haka muka hau babban titin nan da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yelwa ya wuce Koko da Jega, titin da tireloli da manyan motocin albasa ke gudu a kai kamar an koro su. Malamin lissafin nan shi ne a gaba, da 'ya'ya uku, yana amsa waya da hannu ɗaya.

Ba mu ga komai ba a ranar. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sai da aka yi watanni, wani abu ya same mu, sannan hoton ya dawo mana. Za mu zo kansa. Bari mu fara komawa bakin ruwa tukuna, domin mun yi wa mutanen jirgin nan shari'a ba tare da mun saurare su ba.

Mai karatu da ke Kano ko Katsina zai iya ɗauka cewa shiga jirgi zaɓi ne, kamar yadda mutum ke zaɓen tasi ko bas. A nan ba haka abin yake ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130. Ya cinye tsohuwar Busa, ya cinye tsibirai da gonakin Gungawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Ƙauyen da a da kake ƙetarawa da ɗan kwalekwale ka gaida gwaggonka ka dawo kafin azahar, sai ya koma tafiyar sa'o'i a kan buɗaɗɗen ruwa mai igiya. Daga Yelwa har madatsar babu gada. Mutumin Rofiya ko wani ƙauye na Agwara da ke son kasuwar Yauri, ko asibiti, ko gaisuwar mutuwa, ruwa ne hanyarsa. Kuma ba duka itatuwan da ke kwarin aka sare ba kafin ruwan ya hau. Kututturansu na nan a ƙasa har gobe, suna jiran cikin jirgi.

Ga kuma abin da ya ƙaru a shekarun nan. Makonni uku kacal bayan hatsarin Wara, ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka suka kwashe ɗalibai da malamai. Wanda ya san halin da hanyoyin daji ke ciki a wannan yanki, ya san dalilin da zai sa mace mai goyo ta dubi tsohon jirgi ta ga ya fi mata kwanciyar hankali. Ba wai ba ta yi lissafi ba ne. Ta yi. Nata lissafin yana da abubuwan da malaminmu bai rubuta a allo ba: jirgi ɗaya ne yau, in ya tafi sai wani mako, kifin da ta banda zai lalace, bashin da ta ci ranar kasuwa aka yi za ta biya.

Wani dattijo matuƙin jirgi, wanda jikansa ɗalibinmu ne, shi ya fara tsinka mana wannan girman kai. Mun same shi a bakin kwata yana toshe ɓarakar jirginsa, muka gaisa, muka kawo masa wa'azinmu na lodi da rigar ruwa. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Malam, gaskiya kuka faɗa. Amma in tambaye ku. Ranar da kuka je ɗaurin aure ƙetare, na ce jirgi ya cika, wa ya ce mini, 'Haba Baba, mu uku ne kawai, a taimaka'?" Muka yi shiru, don kuwa mu ne. Da manyan riguna da hula da takardar difloma a gida, mu ne muka roƙi a ƙara mu a kan lodi, kuma da ya yarda har godiya muka yi masa, muna cewa dattijon kirki ne. Ashe gangancin da muke zagi, in mu ke bakin kwata kuma rana na faɗuwa, sunansa alfarma.

Kada a ɗauka muna wanke kowa ne. Lodin da ya wuce kima laifi ne, kuma mai jirgin da ya ƙirga kuɗi bai ƙirga rai ba zai amsa tambaya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ruwa, kuma dokar daidai ce, saura a gan ta a kowace kwata, ba sai ranar da manya suka zo jaje ba. A watan Oktoba na 2023 wani jirgin ya sake kifewa da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa Yauri daga ɓangaren Agwara. Wannan duk abin a yi kuka ne a kai. Abin da muke tuhuma shi ne kujerar da muka hau muna kukan.

Domin mu ma an taɓa kawo mana tamu rigar ruwan. Ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a duk ƙasa. Muna sababbin malamai a lokacin, kuma muna tune da yadda aka yi. A Kano 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da tukunya a ka, labari ya kai har gidajen rediyon waje, mu kuwa muka sha dariya. Aka ce hular na sa ƙwarƙwata, aka ce ana asiri da ita, aka ce zafi. Ba a daɗe ba doka ta kwanta, mu ma muka kwanta. Masunci bai sayi rigar ruwa ba, wataƙila kuɗinta ya fi abin da ya samu a mako. Mu fa? Albashinmu ba shi da yawa, kowa ya sani, amma bai gaza kuɗin hula ɗaya ba a shekara goma sha.

In aka shiga gidajenmu kuwa, abin ya fi haka. Jarkar fetur tana bayan ƙofa, taku kaɗan daga murhu, saboda kada mai ya yi tsada gobe. Gidan sauron da aka raba kyauta yana lambu ya zama shingen tumatir, wani kuma an kai shi ruwa ana kamun ƙananan kifi, alhali binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba, kusan rabin yaran da aka gwada suna ɗauke da cutar. Mu ne ke koyar da tsargiya a darasin kimiyya, mu zana dodon-koɗi a allo, kuma da yamma 'ya'yanmu na wanka a gulbi. Kanmu na ciwo wata da watanni, ba za mu je a auna jini ba, sai mu aika yaro kemis ya sayo ja da fari. Wanne ne a cikin waɗannan ba lodi ba?

Bambancin, a ganinmu, ba na hankali ba ne. Jirgi yana kashe mutum ɗari a sa'a guda, a gaban kowa, gwamna ya zo, rediyo ya faɗa. Namu kuwa ɗaya-ɗaya yake ɗauka, yau yaro a wannan unguwa, jibi magidanci a waccan, ba mai jera gawarwakin a wuri ɗaya balle a tsorata. Zuciyar ɗan Adam tana tsoron abin da ya zo da ƙara, tana raina wanda ta saba da shi. Ba mu kaɗai ba ne. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurkawa da yawa suka ƙaurace wa jirgin sama suka koma tuƙa mota, kuma wani masani Bajamushe ya ƙiyasta cewa a shekarar da ta biyo baya an sami ƙarin mutuwar mutum kimanin 1,500 a kan titunansu. Ga kuma ruɗin riƙe kan babur. Muddin hannunmu ne a kai, sai mu ga kamar hatsari na wasu ne, kamar ƙwarewarmu za ta hana akuya tsallaka titi. Matuƙin jirgin nan ma haka yake ji game da ruwan da aka haife shi a kai.

Yanzu ga abin da ya same mu. Wata safiya cikin hunturun shekarar, hazo ya rufe gari, ɗaya daga cikinmu ya ɗauko 'ya'yansa uku zai sauke su firamare. Ya makara, yana sauri kada a rufe rajistar malamai. Wata mota ta fito daga kwana, ya taka birki, babur ya zame a kan yashi. Shi ya kuje gwiwa kawai. Manyan yaran biyu suka tashi suna kuka. Ƙaramar, mai shekara biyar, wadda ke kan tanki, ita ce ba ta yi kuka ba, kanta ya bugi gefen kwalta. Kwana huɗu ba ta san wanda ke kanta ba. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma har yau kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kuma a aji sai an zaunar da ita a gaba. Ba sai mun ɓoye ba, uban nan shi ne mai wannan rubutu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gaisuwar da aka yi mana. Malamai suka cika asibiti, Allah Ya saka musu. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Aka zagi mai motar, aka zagi hazo, aka zagi masu gyaran titi da suka bar yashi. Ba wanda ya ɗauki alli ya lissafa mutum huɗu a kan babur ɗin da aka ƙera don biyu. Kalmar ganganci ba ta fito daga bakin kowa ba, mu ma kuma ba mu nemi a faɗe ta ba. Uwar yarinyar kaɗai ce, a dare na uku, tana zaune a bakin gado ba ta ko dube mu ba, ta ce, "Malam, da a jirgi na sa ta, me za ka ce mini?"

Ba mu ba ta amsa ba. Mun san abin da za mu ce, don mun riga mun faɗe shi a ɗakin malamai game da matan wasu. A kwas ɗin halayyar ɗan Adam an koya mana wannan tun muna neman difloma, cewa mutum in ya yi kuskure yakan duba halin da ya tsinci kansa a ciki, in wani ne ya yi sai ya duba halinsa. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun ci. Kakanninmu ma da ba su zauna aji ba sun ce laifi tudu ne. Sanin bai hana mu komai ba.

Bayan an sallamo ta mun sayi hular kwano. Mun sa ta mako uku. Abokan aiki suka riƙa kiranmu soja, ɗalibai na dariya a ƙofar makaranta, ga zafin bazara ya shigo, hular Hausa kuma ba ta zama a ƙarƙashinta. Yanzu tana rataye a ƙusa a zaure, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ta yara kuwa ba mu ko samu a kasuwa ba, ko kuma dai ba mu nema da gaske ba. Abu ɗaya ne ya sauya: mun daina ɗora kowa a kan tanki, muna yin sawu biyu. Ranar da muka makara kuwa, ko mai ya yi ƙasa, yarinyar da kanta takan ce, "Baba, mu hau gaba ɗaya mana, ai kusa ne." Jiya ma ta faɗa, kuma mun duba agogo kafin mu amsa mata.