Ƙwan Gwaggo da Alƙalamin Gwaji

Makon nan mu aka ba fili, kuma abin da muka zo da shi labarin aiki ne daga wata 'yar rumfa da ke Malam Madori, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasan da ke bi ta nan daga Kano zuwa Nguru. Mu biyu ne a rumfar. Tare muka yi difloma a fannin lantarki, tare muka gaji da yawon kai takarda ofis-ofis, muka haɗa ɗan abin da ke hannunmu muka sayi tebur, da ƙarfen liƙi, da mita guda ɗaya, muka zauna.

Kafin mu kai ga ƙwan, bari mu fara tona wa kanmu asiri. A watanninmu na farko gyaran canki-canka muke yi. Idan aka kawo inbata ta ƙi aiki, kafin mu kwance murfi mun riga mun yanke hukunci cewa mosfet ne suka ƙone, don abin da muka ji manya a sana'ar suna faɗa ke nan. Wata rana wani dattijo mai shagon cajin waya ya kawo tasa. Muka sa shi ya aika Kano aka sayo mosfet sababbi, muka cire tsofaffin muka liƙa waɗannan, muka kunna, shiru. Sai daga baya muka ɗora mita muka ga ashe wata 'yar rezista ce ta mutu, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba. Bai yi mana faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Samari, da kun auna tun farko ai da ban ci bashi ba." Har yau idan ya wuce ta gaban rumfa mukan gaishe shi da nauyin baki.

Tun daga ranar muka sa wa kanmu doka: ba za mu ƙara ɗora ƙarfen liƙi a kan kayan mutum ba sai mun auna mun gani.

Kayan awon namu ba su da yawa. Akwai mita, mai auna bolt da kuma yin ƙara idan hanya tsakanin wuri biyu a haɗe take. Akwai kuma wani abu mai kamar biro da muke kira alƙalamin gwaji, wanda muka haɗa da hannunmu tun muna makaranta. Yana da tsini a gaba, da wayoyi biyu masu baki kamar na kada da ake maƙalawa a jikin na'urar da ake dubawa don ya sha wuta daga gare ta, sai 'yan fitilu uku: ja, kore da rawaya. Na'urar dijital harshe biyu kawai ta sani, 1 da 0, wato wuta sama ko wuta ƙasa. Idan ka taɓa ƙafar aisi da tsinin, ja na nufin 1, kore na nufin 0, rawaya kuma tana ƙiftawa idan wurin yana sauyawa tsakanin biyun.

Kowane gidan aisi da iyakarsa. A tsofaffin nan na jerin 7400 masu aiki da bolt 5, abin da ya yi ƙasa da 0.8 shi ne 0, abin da ya haura 2 shi ne 1. A jerin 4000 kuwa, waɗanda kamfanin RCA na Amurka ya fito da su a 1968 kuma har gobe suna cikin kayan da ake haɗawa a nan gida, ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na wutar da aka ba su shi ne 0, sama da kashi 70 shi ne 1. Abin da ya faɗa tsakani, aisin ba ta san sunansa ba. Ku riƙe wannan, zai dawo a gaba.

To, wata safiya cikin hunturu, muna buɗe rumfa, sai ga yaron Gwaggo a guje. Gwaggo ƙanwar mahaifin ɗayanmu ce, mijinta ya rasu, kuma da kuɗin adashi ta sayi ɗan injin ƙyanƙyasar ƙwai. Injin yana shan wuta daga wata inbata haɗin gida da ke kan batir mai bolt 12 da faifan sola. Ƙwai 120 ne a ciki, ranarsu ta 12. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, kuma yana son zafi wajen digiri 37.5, ba ya son a yi masa wasa da shi. Tun asuba injin ya fara sanyi.

Da muka shiga muka same ta tsaye a kan injin, hannu a ƙugu. Wani maƙwabci ya riga ya ba ta shawara a ɗauki inbatar a kai Kano a canja fanel gaba ɗaya. Ta dube mu ta ce, "'Ya'yan nan, ku gaya mini gaskiya. In ba za ku iya ba in sani tun yanzu." Muka ce, "Gwaggo, a ba mu sa'a ɗaya. Amma kafin nan a dafa ruwa." Aka cika gorunan roba da ruwan ɗumi, aka naɗe su da tsohon zani aka jera a cikin injin, aka rufe shi da bargo. Wannan ya saya mana lokaci.

Muka fara daga inda ya kamata a fara, wato abinci. Mita ta nuna batir yana da bolt 12.5, lafiyarsa ƙalau. Fis bai yanke ba. Da aka kunna, taransifoma tana gurnani, ƙwan fitilar gwaji yana ci dishi-dishi, mosfet na gefe ɗaya sun ɗau zafi, na ɗaya gefen sanyi ƙalau. A da, nan take za mu ce masu zafin ne suka lalace, mu cire su. Muka kashe, muka zare wayar da ke kai wuta tsakiyar taransifoma, don ɓangaren da ke fitar da bolt 220 ba abokin wasa ba ne, muka bar ƙaramin fanel ɗin shi kaɗai da wutarsa.

Zuciyar wannan inbata wata aisi ce mai ƙafa 14, lambarta CD4047. Aikinta kamar na mata biyu ne a turmi ɗaya: ƙafa ta 10 ta daka, ƙafa ta 11 ta ɗaga, sannan su yi musanya, sau 50 a kowace daƙiƙa. Kowace ƙafa tana tura gefe ɗaya na mosfet, su kuma su ja wuta ta rabin taransifoma. Idan taɓarya ɗaya ta tsaya, daka ya lalace.

Muka auna ƙafa ta 14 da ta 7, abincinta yana isowa. Muka ɗora mita a ƙafa ta 10, ta nuna wajen bolt 6. Ƙafa ta 11 ma haka. Ga inda mita take rikita mai koyo. A kan bolt 12, 0 yana ƙasa da 3.6, 1 yana sama da 8.4, shi kuwa 6 yana tsakiyar dajin da ba shi da suna. Wanda ya tsaya a nan zai ce aisi ta mutu. Amma mita ba ta iya bin abin da ke sauyawa sau 50 a daƙiƙa, sai ta haɗa sama da ƙasa ta raba biyu ta ba ka matsakaici. Da muka taɓa da alƙalamin gwaji, ja da kore suka kama tare, rawaya tana ƙiftawa. A ƙafafun biyu duka. Aisi lafiya lau take dakanta.

Daga nan sai bin sawu, kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Muka bi layin tagulla daga ƙafa ta 10, muka tsallake rezista, har ƙofar mosfet: rawaya tana ƙiftawa. Muka koma layin ƙafa ta 11. A bakin aisi tana ƙiftawa. Ɗan gaba kaɗan, kafin rezista, sai kore ta tsaya cak, ba motsi. Saƙo yana fita daga gida, ba ya isa inda aka aike shi.

Muka cire wuta gaba ɗaya, don gwajin ƙara ba a yin sa da wuta a jiki, muka juya mita zuwa wurin ƙara, muka ɗora tsini ɗaya a kowane gefe. Shiru. Muka kai fanel ɗin bakin ƙofa inda haske yake, muka kankare wani ɗan kore-kore da ke kan layin da bakin reza. A ƙarƙashinsa tagullar ta cinye, ta rabu, tsagar ba ta kai kaurin gashi ba.

Sai Gwaggo ta tuna. A ambaliyar 2022, wadda duk mutumin ƙasar Haɗeja ba zai manta da ita ba, ruwa ya shigo ɗakin. An ɗaga inbatar an ɗora a kan kabad, ruwan bai taɓa ta ba, amma ta yi makonni a ɗaki mai laima. Danshin ne ya kwanta a kan tagullar yana ci a hankali, har ya gama aikinsa a daren da ƙwai suke tsakiyar kwanakinsu. Mu da muke zaune a bakin fadama, kayan wutarmu ma suna shan abin da katangunmu suke sha.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Ɗan guntun waya, ɗigon dalma biyu, sai muka shafa man goge farce a kai don kada danshi ya sake samun hanya. Muka sake bi da alƙalami, gefe biyu suna ƙiftawa. Muka mayar da wayar taransifoma muka kunna. Gurnanin ya tafi, fitila ta kama tar, fankar injin ta juya. Gwaggo ta zauna a bakin gado ta ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, sannan ta tambayi kuɗin aiki. Muka ce ta bari sai ranar ƙyanƙyasa.

Ba duka suka fito ba. Tsaki 83 aka samu. Wasu ƙwan dama ba su da ɗa, wasu kuma muna zaton sanyin asubar nan ne ya kashe su. Amma da an ɗauki hanyar Kano a ranar, zuwa da neman mai gyara da dawowa, da wuya a tsira da ko ɗaya, ga kuɗin mota, ga kuɗin fanel ɗin da lafiyarsa ƙalau in ban da layi guda.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari zauren marubuta shi ne, a cikinmu akwai masu gyaran waya, da masu haɗa sola, da ɗaliban da ke shirin fitowa su buɗe rumfa irin tamu. Mun san yadda na'urar nan mai nuna zanen wuta a gilashi take burge mutum, mu ma mun taɓa ta a ɗakin gwaji, kuma akwai ciwon da sai da ita ake ganinsa. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin mai farawa, kuma yawancin abin da ake kawo mana bai kai nan ba. Tsarin da muke bi yanzu gajere ne. A tambayi mai kaya yadda abin ya fara. A duba da ido, a sansana, a taɓa. A auna abinci kafin komai. A nemo takardar bayanin aisin a intanet a san aikin kowace ƙafa. Sannan a bi saƙo daga inda ya fito har inda ya ɓace, da hannu a natse, don tsini idan ya zame ya haɗa ƙafa biyu, kai ne za ka kashe abin da aka kawo maka da rai.

Masu kawo mana kaya kuma, haƙƙinku ne ku tambayi mai gyara: me ka auna, me ka gani? Wanda ya auna zai iya nuna muku da yatsa.

Gwaggo ta biya mu da 'yan tsaki huɗu. Shaho ya ɗauke ɗaya, sauran ukun suna nan suna kiwo a bayan rumfa, kuma dattijon nan mai shagon caji ya riga ya ce zakaran cikinsu nasa ne, a madadin mosfet ɗinsa. Ba mu yi musu ba.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin mutane cikin rashin sani. Sai mun ji daga gare ku.