Yadda dogon sunan fayil ya kusa sa a ce na ƙirƙiri bincikena

'Yan uwa, musamman masu haɗa aikin ƙarshe a nan kudu. Ku karanta ku tura wa na kusa da ku.

Wata huɗu na yi ina zarya a kasuwar Bodija a Ibadan, ina naɗar hira da 'yan albasa. Hira 40 cif. Saura mako guda in kare aikin, malamin da ke duba ni ya ce in tura masa duk bayanan. Na dunƙule su a zip na tura, na kwanta hankalina kwance.

Washegari ya kira ni ofis, fuska a murtuke. Wai a rubuce na ce 40, shi 29 ya gani, ina sauran? Bai ce na yi ƙarya ba, amma kallon da ya yi mini ya isa. Wallahi nan take gumi ya karyo mini. Kun san a inda ba garinka ba, mutuncinka shi ne jarinka.

Na koma hostal na buɗe kwamfutata, ga su nan 40. Na sake turawa, 29 suka fito. Har na fara zargin intanet.

Wani ɗan uwa daga Gombe da ke karanta kwamfuta ya zo ya duba, sai ya kwashe da dariya: "Malam, suna ka sa wa fayil ko wasiƙa ka rubuta?" Ga irin sunayen da nake sawa: "Hira ta 12 da dillalin albasa ɗan Aliero ranar Talata bayan la'asar kan farashi da kuɗin mota wadda na gyara ta ƙarshe". Kuma tana cikin folda, cikin folda, har hawa biyar, kowace da nata dogon sunan.

Ashe Windows ba sunan kaɗai take ƙirgawa ba. Duk hanyar take haɗawa, tun daga C: har ƙarshen sunan fayil, iyakar kuma wajen haruffa 260 ce. A wajena aikin yana bakin D:, hanyar gajera ce. A wajen malam sai da aka ƙara sunansa, da Downloads, da sunan zip ɗin. Guda 11 suka haura iyaka, kwamfuta ta yi ƙorafi, shi kuma ya danna a tsallake.

Maganin bai kai awa ɗaya ba. Muka mayar da sunaye irin H12_Bodija, folda hawa biyu kawai, cikakken bayanin kowace hira muka zuba a Excel. Muka cire ƙ, ɗ da ɓ daga sunayen, don wasu manhajojin suna mayar da su shirme. Ya ce in wani ya turo mini irin wannan, in buɗe a sabuwar folda a bakin C:, ko in yi amfani da 7-Zip.

Malam ya ƙirga, 40 suka cika. Ya gyaɗa kai kawai, ni kuma sai lokacin na iya cin abinci.

Shawarata: kafin ka tura, buɗe zip ɗinka a kwamfutar wani ka ƙirga da idonka. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya. Wa irin wannan ta taɓa samu?